Yadda Za Ka Gyara Lissafinka Kafin Jarabawar Shiga Makarantar Koyon Aikin Jinya

Yawancin masu neman shiga aikin jinya sun fi sakewa da Bayoloji, kuma da dama daga cikinsu sun ɗauka sun yi sallama da lissafi tun ranar da sakamakon WAEC ko NECO ya fito. Akwai dalilin wannan zato. A jarabawar JAMB, darussan mai neman karatun jinya su ne Turanci, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks, babu lissafi a ciki. To amma Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya ta sa lissafi cikin kiredit biyar ɗin da ake nema, makarantu da dama kuma suna saka shi a jarabawar tantancewar da suke yi da kansu. A nan ne ake ganin wanda ya haddace sassan zuciya tsaf ya tsaya yana kallon 4.5 ÷ 0.15 har lokaci ya ƙure masa.

Abin da ake tambaya galibi lissafin firamare da ƙaramar sakandare ne: tarawa, ɗebewa, sau, rabawa, firakshin, desimal, kashi cikin ɗari, rashiyo da sauya ma'auni. Ba wuyarsa ke kayar da mutane ba. Hannu ne ya yi sanyi saboda kalkuletar waya, sai kuma ɗigon desimal da ke sauka inda bai kamata ba. Saboda haka duk matakan da ke tafe a kan ɗabi'a ɗaya aka gina su: ka kintaci amsa kafin ka fara lissafi, sannan ka yi aikin da hannu.

Mataki na farko: gwada kanka ba tare da tausayi ba

Ajiye waya a wani ɗaki, ɗauki takarda da biro, ka ba kanka minti goma.

1. 407 × 36
2. 3,024 ÷ 12
3. 2/3 + 3/4
4. 0.6 × 0.05
5. 4.5 ÷ 0.15
6. Kashi 15 cikin 100 na 240
7. Giram 0.25 miligiram nawa ne?
8. Raba 840 bisa rashiyo 3:4
9. 20 − 8 ÷ 4 × 3
10. Wanne ya fi girma, 0.125 ko 0.5?

Amsoshin su ne: 14,652; 252; 1 5/12; 0.03, 30, 36, 250, 360 da 480, 14, da kuma 0.5. Kada ka damu da makin da ka ci, duba inda ka faɗi. Wanda ya faɗi ta ɗaya da ta biyu sai ya fara daga tushe. Wanda ya ci su amma ya sha ƙasa a ta huɗu da ta biyar da ta goma, desimal ne ciwonsa. Idan kuwa ka ci duka amma sai da ka kwashe minti ashirin, to sauri kake buƙata, kuma shi ma koyonsa ake yi.

Mataki na biyu: haddar sau, sannan rabawa

Babu hanyar kauce wa wannan. Daga 2 zuwa 12, sai ka haddace su har ta kai ko daga barci aka tashe ka aka ce bakwai sau takwas, 56 za ta fito ba tare da tunani ba. Layin 2 da 5 da 10 kowa ya iya, inda ake tuntuɓe shi ne 6, 7, 8, 9 da 12. Kada ka riƙa rera su a jere kamar yadda aka yi a firamare, domin a jarabawa ba a jere za su zo ba. Rubuta su a ƙananan takardu, ka cakuɗa, ka sa ƙaninka ya riƙa jefo maka su bayan sallar isha'i. Minti goma a kullum ya wadatar.

Akwai gajerun hanyoyi da ya kamata su zama jiki. Sau 25 daidai yake da sau 100 a raba 4: 48 × 25 ya zama 4,800 ÷ 4, wato 1,200. Sau 9 kuwa, yi sau 10 ka cire lambar sau ɗaya: 37 × 9 shi ne 370 − 37, wato 333. Sau 15, yi sau 10 ka ƙara rabinsa: 64 × 15 shi ne 640 + 320, wato 960.

A doguwar rabawa, sifilin tsakiya ne ke ɓacewa. Gwada 824 ÷ 4. Huɗu ta shiga 8 sau biyu. Ba ta shiga 2 ba, sai a rubuta 0. Ta shiga 24 sau shida. Amsa 206. Mai gaggawa zai rubuta 26, kuma da ya kintata tun farko cewa 800 a raba 4 ya kai 200, da ya gane 26 ba ta ko kusa.

Sai tsarin da ake bi idan alamomi sun haɗu a layi ɗaya, wanda malamai ke kira BODMAS: abin da ke cikin baka da farko, sai rabawa da sau daga hagu zuwa dama, sai tarawa da ɗebewa. A tambaya ta tara, 8 ÷ 4 ya ba da 2, sau 3 ya zama 6, a cire daga 20 saura 14. Wanda ya fara da 20 − 8 zai samu 9, kuma ina mai tabbatar maka masu shirya tambaya sun san da wannan, za ka iya tarar da 9 ɗin zaune cikin zaɓin amsoshi tana jiranka.

Mataki na uku: firakshin

Duk wanda ya zauna a Islamiyya ya taɓa jin nisfi, sulusi, rubu'i, sudusi da tumuni a babin rabon gado. Su ne dai 1/2, 1/3, 1/4, 1/6 da 1/8. Bari mu yi aiki da su. Mutum ya rasu ya bar mata da mahaifiya da 'ya'ya, bayan an biya bashi dukiyar ta tsaya Naira 2,400,000. Mata tana da tumuni, mahaifiya tana da sudusi. Nawa ne kason su biyun a haɗe?

Ba a tara 1/8 da 1/6 kai tsaye, domin ƙasansu ya bambanta. Sai a nemi ƙaramar lambar da 8 da 6 duk suke shiga, ita ce 24. Tumuni ya zama 3/24, sudusi ya zama 4/24, jimla 7/24. Raba dukiyar gida 24, kowane gida 100,000; su biyun sun ɗauki 700,000, saura 17/24, wato 1,700,000. Haka ake tarawa da ɗebe kowane firakshin: a daidaita ƙasa, sannan a taɓa sama kaɗai. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a tara sama da sama, ƙasa da ƙasa, a ce 1/2 + 1/2 ya zama 2/4. Rabi da rabi kuwa kowa ya san ɗaya ne.

Sau ya fi sauƙi: sama da sama, ƙasa da ƙasa, amma ka rage lambobin tun kafin ka ninka. Idan akwai cikakkiyar lamba a gefe, mayar da ita ciki tukuna: 2 1/2 × 1 1/5 ya zama 5/2 × 6/5, biyar ta kashe biyar, saura 6/2, wato 3.

A rabawa, ana juya na biyun ne a yi sau. 3/4 ÷ 3/8 ya zama 3/4 × 8/3, amsa 2. Mutane suna mamakin yadda rabawa ke ba da amsar da ta fi lambar farko girma. Ka tambayi kanka: ƙwayar magani uku, in ana shan rabi-rabi, sau nawa za a sha? Sau shida. Wannan shi ne 3 ÷ 1/2 = 6.

Mataki na huɗu: desimal, inda ya kamata ka fi daɗewa

Idan mako ɗaya kawai ya rage maka, ni dai a nan zan ce ka kashe rabinsa. A jarabawa, ɗigon da ya goce maki ɗaya zai ci maka. A ɗakin marasa lafiya kuwa, ɗigon da ya matsa gida ɗaya yana nufin an ba mutum ninki goma na maganinsa, ko kashi ɗaya cikin goma. Shi ya sa ake koya wa ma'aikatan jinya su rubuta 0.5 da sifilinsa a gaba, kada su rubuta .5, domin ɗigon na iya ɓacewa a karanta 5. Haka kuma ba a rubuta 5.0, kada a karanta 50. Fara wannan ɗabi'a tun yanzu a takardar gwajinka.

Wajen kwatanta girma, cika gurabe da sifili har tsawonsu ya zo ɗaya. 0.5 ya zama 0.500, sai ka ajiye shi kusa da 0.125, ka ga 500 ta fi 125 nesa ba kusa ba. Yawan lambobi bayan ɗigo ba shi ne girma ba.

Wajen tarawa da ɗebewa, ɗigo ya hau kan ɗigo. 12.5 + 0.75 + 3 sai a rubuta su 12.50, 0.75, 3.00 a jere daga sama zuwa ƙasa, a samu 16.25.

Wajen sau, manta da ɗigo tukuna. 0.6 × 0.05: shida sau biyar 30. Yanzu ƙirga lambobin da ke bayan ɗigo a duka biyun, ɗaya da biyu, uku ke nan. Amsar ma sai ta samu gurabe uku: 0.030, wato 0.03.

Wajen rabawa, kada ka taɓa raba abu da desimal. Matsar da ɗigon mai rabawar har ya zama cikakkiyar lamba, ka matsar da na ɗayan daidai wannan adadi. 4.5 ÷ 0.15 ya zama 450 ÷ 15, wato 30. Kafin ka fara ma, ka lura 0.15 ƙaramin abu ne, zai shiga 4.5 sau da yawa, don haka amsa irin 0.3 ko 3 ba za ta yiwu ba.

Haddace waɗannan, za su rage maka aiki matuƙa: 1/2 shi ne 0.5, 1/4 shi ne 0.25, 3/4 shi ne 0.75, 1/5 shi ne 0.2, 1/8 shi ne 0.125, 1/3 kuwa 0.333 ne ba ya ƙarewa. In an ce a taƙaita amsa zuwa gurbi ɗaya, dubi lambar da ke biye: daga 5 zuwa sama a ƙara ɗaya, ƙasa da haka a bari. 7.46 ya zama 7.5.

Mataki na biyar: kashi cikin ɗari

Nemi kashi 10 da farko, sauran duk daga jikinsa suke fitowa. Kashi 35 na 180: kashi 10 shi ne 18, sau uku 54, kashi 5 rabin 18 ne wato 9, jimla 63. Mai tumatur a bakin kasuwa haka take lissafinta, gutsure-gutsure, ba ta neman biro, kuma da wuya ka ga ta yi asarar canji. Zakkar kuɗi ma lissafin nan ce, kashi 2.5 cikin 100, wato ɗaya cikin arba'in: Naira 2,000,000 za a fitar da 50,000.

Idan aka juya tambayar aka ce gadaje 18 cikin 60 babu kowa a kansu, kashi nawa ke nan, sai ka yi 18/60 × 100, ka samu 30.

Tarkon yana wajen ƙari da ragi. Kullum da lambar asali ake rabawa. Yaron da nauyinsa ya tashi daga kilo 8 zuwa 10 ya ƙaru da 2/8, kashi 25. Wanda ya sauka daga kilo 10 zuwa 8 ya ragu da 2/10, kashi 20. Kilo biyu ne duka, amsa daban. Riba ma da kuɗin saye ake auna ta: ka sayi kaya 2,500 ka sayar 3,000, ribar 500 a kan 2,500, kashi 20. Ga wata da ke kayar da masu ƙoƙari ma: farashin magani ya ƙaru da kashi 20 ya koma 6,000, nawa yake a da? Da yawa za su cire kashi 20 daga 6,000 su ce 4,800. A'a. Dubu shidan nan kashi 120 ce ta tsohon farashi, don haka 6,000 ÷ 120 × 100, amsa 5,000.

Jakar ƙarin ruwa ma da wannan harshe take magana. In ka ga an rubuta dextrose 5%, ana nufin giram 5 na sukari a kowane mililita 100, jakar mililita 500 tana ɗauke da giram 25. Ruwan gishiri na 0.9% kuwa giram 9 ne a lita ɗaya.

Mataki na shida: rashiyo

Tara kason, raba, ninka. Naira 45,000 tsakanin mutum uku bisa 2:3:4, kaso tara ke nan, kowane kaso 5,000, su samu 10,000 da 15,000 da 20,000. Abin lura kawai shi ne tambayoyin da ɗaya ke hawa ɗaya na sauka. Leburori 6 sun gama aiki a kwana 10, guda 4 fa? Tsaya ka yi tunani: mutane sun ragu, dole kwanaki su ƙaru. Aikin gaba ɗaya 6 × 10 ne, wato 60, a raba wa mutum 4, kwana 15.

Mataki na bakwai: ma'auni, lokaci da lissafin magani

Tsanin nauyi dubu-dubu yake tafiya. Kilogiram 1 giram 1,000 ne, giram 1 miligiram 1,000, miligiram 1 maikurogiram 1,000. Lita 1 mililita 1,000 ce. Cokalin shayi na awon magani mililita 5 ne, babban cokali 15. Daga babba zuwa ƙarami a ninka da 1,000, ɗigo ya matsa gida uku zuwa dama. Daga ƙarami zuwa babba a raba, ya matsa hagu. Giram 0.25 ya zama miligiram 250. Miligiram 0.125 ya zama maikurogiram 125.

Lokaci ne kaɗai ya fita daga tsarin goma-goma, shi ya sa yake ruɗa mutane. Awa 1.5 minti 90 ne, ba 150 ba. Awa 2.25 awa biyu ne da minti 15. In an sa ƙarin ruwa ƙarfe 10:45 na dare zai ɗauki awa shida da rabi, ƙara awa shida ka kai 4:45, ƙara minti 30, ƙarfe 5:15 na asuba.

Lissafin magani cikakke sai ka shiga makaranta za a koya maka, amma mai sauƙinsa yana iya zuwa a sigar tambayar labari, kuma babu atisayen da ya fi shi haɗa duk abin da muka wuce. Ƙa'idar ita ce: abin da ake so, a raba da abin da ke hannu, a ninka da yawan ruwan ko ƙwayar da yake ciki. Lambobin da ke tafe na koyon lissafi ne, ba umarnin likita ba.

An rubuta giram 0.5, kafso ɗin da ke hannu miligiram 250 ne. Kafin komai a daidaita ma'auni: giram 0.5 miligiram 500 ne. 500 ÷ 250, kafso biyu. Wanda ya tsallake daidaitawar zai samu 0.002, kuma hankali kaɗai ya isa ya gaya masa babu mai shan wannan.

Yaro mai kilo 12, an rubuta masa farasitamol miligiram 15 a kowane kilo, ruwan maganin kuma miligiram 120 ne a mililita 5. Da farko 12 × 15, miligiram 180. Kintata: 180 ya fi 120 amma bai kai ninkinsa ba, don haka amsar tana tsakanin mililita 5 da 10. Yanzu lissafa: 180/120 ya ragu zuwa 3/2, sau 5, mililita 7.5. Ta faɗa inda aka zata.

Ƙarin ruwa lita ɗaya a awa 8: 1,000 ÷ 8, mililita 125 a awa. In an ce robar ƙarin ruwan tana ba da ɗigo 20 a kowane mililita, ɗigo nawa a minti? 1,000 × 20 ÷ 480, domin awa 8 minti 480 ne. Amsa 41.7, tunda kuma ba a ƙirga rabin ɗigo, 42.

Sauran ƙanana biyu. Zafin jiki daga Salsiyos zuwa Faranhait: sau 9, a raba 5, a ƙara 32. Digiri 37 ya zama 98.6, digiri 40 ya zama 104. In za a dawo, a fara cire 32 tukuna. Matsakaici kuma, a tara a raba da yawansu: 37.0, 38.5, 39.0 da 37.5 sun tashi 152, a raba 4, digiri 38.

Mataki na takwas: Turancin tambayar

Jarabawar da Turanci take zuwa, kuma wani ya iya lissafin amma kalma ɗaya ta karkatar da shi. Sum tarawa ce, difference ɗebewa, product sau, quotient rabawa, of a cikin firakshin ko kashi cikin ɗari sau yake nufi. Karanta tambayar sau biyu, ja layi a ƙarƙashin abin da ake nema da ma'aunin da ake so amsa ta fito da shi. Sau da yawa an ba da lambobi a giram, amsar kuma a miligiram ake son ta.

Yadda za ka raba makonninka

Ba a fafe gora ranar tafiya. In kana da mako shida, na farko na haddar sau da rabawa ne, na biyu firakshin, na uku gaba ɗaya desimal, na huɗu kashi cikin ɗari da rashiyo, na biyar ma'auni da tambayoyin labari, na shida tsoffin tambayoyi da agogo a gabanka. Minti arba'in a kullum ya fi awa biyar ranar Lahadi kaɗai. Littafin lissafin ƙaramar sakandare, na aji ɗaya zuwa uku, ya ishe ka; ari na ƙannenka, babu abin kunya a ciki.

Ware ƙaramin littafi na kurakurai. Duk tambayar da ka faɗi, rubuta ta tare da dalilin faɗuwar a jimla ɗaya: na manta sifili, na raba da sabon farashi, ban mayar da awa minti ba. Bayan mako biyu za ka ga kurakuran ba su wuce iri uku ko huɗu ba, su suke ta maimaita kansu. Su za ka duba a daren jarabawa, ba sabon babi ba.

Ka nemi sanarwar makarantar da kake so, ko ta jiha ce ko ta asibitin koyarwa irin na Kano da Zariya da Sakkwato, ka karanta da kanka: waɗanne darussa za a yi, a kwamfuta ne ko a takarda, an yarda da kalkuleta ko ba a yarda ba. Tsarin ya bambanta daga makaranta zuwa makaranta, yana kuma sauyawa, kada ka dogara da an ce. Ko da an yarda da kalkuleta, yi atisayenka babu ita. In a kwamfuta ne kuma ba ka saba ba, je cibiyar da ake gwajin JAMB ka zauna ko sau biyu, don kada linzamin kwamfuta ya cinye maka lokaci. Masu cewa ka biya su kawo maka tambayoyin da za su fito kuwa, riƙe kuɗinka.

A cikin ɗakin jarabawa, zagaye biyu za ka yi. Na farko, amsa duk wadda ka gane nan take, wadda ta haura minti ɗaya ka yi mata alama ka wuce. Na biyu, ka dawo kan masu taurin. Yi amfani da zaɓin amsoshin: a 407 × 36, bakwai sau shida 42 ne, dole amsar ta ƙare da 2, kuma 400 × 36 ya ba da 14,400, dole ta ɗan haura haka. Sau da yawa waɗannan biyun sun isa su bar maka zaɓi ɗaya tak. Idan an ba da 0.75, 7.5, 75 da 750, to ka san ɗigo ake gwadawa, sai ka koma kan kintacenka kafin ka danna. In dai takardar umarni ba ta ce ana rage maki a kan kuskure ba, kada ka bar ko tambaya ɗaya babu amsa. A mintuna biyu na ƙarshe ka cike duk guraben da suka rage.